Takardu biyar a bango, babu likita a ɗaki

An tsara wannan nazari ne domin sababbin likitocin haƙori, da mataimakansu, da masu kuɗin da ke sha'awar buɗe asibiti. Harhaɗa shi aka yi daga irin abubuwan da ke faruwa a ƙananan asibitocin haƙori masu zaman kansu a birnin Kano, shi ya sa ba za a ga sunan mutum ko na unguwa ko na asibiti ba. Dokoki da hukumomin da aka ambata kuwa na gaske ne.

Asibitin da ake magana a kai shaguna biyu ne aka fasa bangon da ke tsakaninsu, a bakin titin da 'yan adaidaita sahu ba sa ɗaukewa. Kujerar aiki ɗaya ce, sai injin dafa kayan aiki, sai janareta a waje cikin kejin ƙarfe, sai bencin masu jira. Mai shi wani Alhaji ne ɗan kasuwa, yadi yake sayarwa, bai taɓa zama ajin koyon aikin lafiya ba. Ya ga yadda mutane ke shan dogon layi a asibitocin gwamnati kan ciwon haƙori, ya fahimci akwai kasuwa. Hanyar da irinsa ke bi sananniya ce. A samo likita mai cikakkiyar rajista, a rubuta sunansa a matsayin wanda alhakin duk aikin da za a yi a wurin ke wuyansa, sannan a nemi izinin buɗewa.

Likitan da ya samu matashi ne, bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, yana jiran ɗaukar aikin gwamnati da babu wanda ya san ranarsa. Shekara 6 ya yi a jami'a, ya yi shekarar sanin makamar aiki, ya yi ta bautar ƙasa, ga iyaye sun zuba masa ido, ga maganar aure ta taso. Albashin da Alhaji ya yanka masa ba wani abin a zo a gani ba ne, amma ya fi zaman gida. Da farko komai ya tafi daidai. Kullum yana zuwa, shi ke duba marar lafiya, shi ke cire haƙori da cike kogo. Mataimakinsa kuma yana wanke haƙora, yana dafa kaya, yana nuna wa mutane yadda ake goge baki. Wannan mataimaki shi ma ba daga sama ya faɗo ba. Ya yi karatun kula da tsaftar haƙori, irin waɗanda ake kira terafis, yana da rajista da hukumarsu, kuma kowa ya shaida hannunsa yana da sauƙi. A unguwar "Likita" ake ce masa, kamar duk wanda ya sa farar riga a irin wannan wuri. Bai taɓa cewa shi likita ne ba. Bai kuma taɓa gyara wa kowa ba.

Da likitan ya samu aiki a wani asibitin gwamnati a wata jiha, ya je yi wa Alhaji sallama. Alhaji ya ce, "Haba Likita, ai ba ka bar mu a rana ba. Bar takardunka kafin mu samu wani, ɗan abin da ake ba ka ba zai tsaya ba. In ka shigo gari ƙarshen mako sai ka leƙo." Ya ce to. Ya leƙo na ɗan lokaci, daga baya sai gaisuwa ta waya. Kuɗin dai ba su fasa shiga asusunsa ba duk ƙarshen wata, rabin abin da yake karɓa a da. "Kafin mu samu wani" ta haura shekara.

Daren da haƙorin ya karye

Marar lafiyar tela ne, magidanci da ya haura hamsin, yana da ciwon suga wanda yake shan maganinsa in ya tuna. Turminsa na ƙarshe na ƙasa, can ƙuryar muƙamuƙi, ya daɗe yana damunsa. A kwance haƙorin ya fito, rabinsa cikin dasashi, abinci yana maƙalewa a ƙarƙashinsa har ya yi kogo. Ya sa kanumfari, ya kuskure baki da ruwan gishiri, ya sayi ƙwayoyi a kemis, ciwon ya lafa ya sake dawowa. Cikin goman tsakiya na azumi ya taso masa gadan-gadan, daidai lokacin da ɗinkin sallah ya cika shago. Duk wanda ya san telolin Kano a wannan lokaci ya san ba su da wunin da za su ba layin asibiti. Bayan tarawihi ya shiga asibitin da ke kusa da shi, ya ce a cire masa kawai ya huta.

Likitan da ya san aikinsa ba zai fara da kama filaya ba. Zai tambayi sauran cututtukan da mutum ke da su, in ya ji suga ya auna nan take, domin mai sugar da ba ta daidaita ba ƙwayoyin cuta suna saurin yaɗuwa a jikinsa, rauninsa kuma yana jinkirin warkewa. Zai nemi hoto, saboda saiwoyin turmin ƙarshe na ƙasa sukan kwanta daf da jijiyar da ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji, in aka taɓa ta leɓe ya iya mutuwa na watanni, wani lokaci har abada. Haƙori kwantacce kuma sau da yawa ba ya fita da ja. Sai an tsaga dasashi, an ɗan rage ƙashi, an raba haƙorin gida-gida an fitar. Ƙaramar tiyata ce, kuma ko a cikin likitocin haƙori akwai wanda in ya ga hoton zai tura wa ƙwararren tiyatar baki da muƙamuƙi. Telan ya zo kuncinsa ya riga ya ɗan tasa, bakinsa ba ya buɗewa sosai. Waɗannan alamu biyu kaɗai sun isa a dakata.

Babu abin da aka yi daga cikin wannan. Aka yi masa allurar kashe wuri, ba ta kama sosai ba, kamar yadda takan yi a wurin da ya riga ya kumbura. Aka kama haƙorin, kansa ya ɓalle, saiwoyin suka zauna. Mataimakin ya yi ta fama har ya gaji, sannan ya cusa auduga, ya rubuta ƙwayoyi, ya ce saiwar za ta taso da kanta. A littafin asibitin abin da aka rubuta a daren shi ne suna da kuɗin da aka biya. Bai kira likitan a waya ba.

A yi adalci a nan. Haƙori yana karyewa a hannun ƙwararru ma, kuma mai yiwuwa ciwon ya riga ya fara bin ƙasan muƙamuƙi tun kafin telan ya zauna a kujerar. Kuskuren da ya fi muni shi ne na zuwa na biyu. Bayan kwana biyu mutumin ya dawo, kumburi ya cika ƙasan haɓarsa hagu da dama, ya yi tauri, harshensa ya tashi sama, yawu yana zuba don ba ya iya haɗiyewa, muryarsa ta canza. Ɗalibin haƙori na ajin ƙarshe ya san sunan wannan. Ita ce cutar da likitan Jamus Wilhelm von Ludwig ya bayyana a 1836, wadda ta ɗauki sunansa: mugun kumburin da ke bin ƙasan harshe da ƙasan muƙamuƙi, yawanci daga turamen ƙasa, yana tura harshe baya har ya toshe numfashi. Mai ita ba a sallamarsa gida. Mataimakin ya yi masa allura ya ce ya dawo gobe.

A daren ya kasa kwanciya, in ya kwanta numfashi ya ɗauke. Ƙanensa, malamin makaranta, ya sa shi a adaidaita sahu zuwa sashen gaggawa na asibitin koyarwa. A can aka fara da tsare hanyar numfashi, aka sa masa magungunan kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, aka shiga da shi tiyata aka tsaga ƙasan haɓa aka sa robobin da za su tsiyayar da mugunya, aka fitar da saiwoyin, aka shiga daidaita sugarsa da allurar insulin. Ya rayu. A gadon asibiti ya yi sallah, ɗinkin mutane kuma aka mayar musu da yadinsu.

Hoton bangon

Ƙanen ne ya koma asibitin da rana tsaka, ya ɗauki hoton bangon ɗakin jira da wayarsa. Takardu biyar ne cikin gilashi, kuma abin da ya sa lamarin ya cancanci nazari shi ne babu ta jabu ko ɗaya a cikinsu.

Akwai ta Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, wadda abin da kawai take cewa shi ne an yi wa sunan kasuwancin rajista, irin wadda mai gidan burodi ma yake da ita. Akwai kwafin digirin likitan. Akwai takardar izinin wuri daga PHIMA, hukumar jihar Kano mai kula da cibiyoyin lafiya masu zaman kansu, wadda aka kafa zamanin gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje. Ita wannan wurin take ba izini, kuma izinin ya jingina ne da sunan likitan da aka gabatar mata a matsayin mai kula da aiki. Ranar da wannan likita ya bar gari, ginshiƙin da takardar ke tsaye a kansa ya fita, ko da tana nan rataye.

Ta huɗu ita ce ta fi bukatar a tsaya a kanta: lasisin aiki na shekara-shekara daga Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, MDCN, mai hedikwata a Abuja. Dokar da ta kafa ta, wadda aka sabunta a 1988, ita ta ba ta ikon riƙe rajistar duk likitan da ke ƙasar nan. Digiri ba ya ba mutum izinin taɓa marar lafiya. Wanda ya gama karatu rajistar wucin gadi ake fara ba shi, ya yi wata 12 yana aiki a ƙarƙashin manya a asibitin da majalisar ta amince da shi, sannan ya samu cikakkiyar rajista. Bayan wannan ma sai ya riƙa sabunta lasisi duk shekara, domin ranar 31 ga Disamba yake mutuwa. Sabuntawar kuma ba biyan kuɗi kaɗai ba ce, sai ya nuna ya tara maki 20 na ƙaro ilimi daga taruka da kwasa-kwasan da majalisar ta amince da masu shirya su. Lasisin da ke bangon ya mutu tun shekarar da ta wuce. Likitan yana da sabo, amma yana can tare da shi a wata jiha. Ko da Alhaji ya sa an turo masa kwafin sabon ya liƙa, babu abin da zai canza, don lasisi na mutum ne, ba na gini ba. Takardun mota daban, lasisin direba daban, kuma in ka ajiye lasisinka a aljihun motar bai sa yaron mota ya zama direba ba.

Ta biyar ita ce ta fi kowacce girman gilashi da ado: shaidar halartar wani taron ƙungiyar likitocin haƙori, da tambarin ƙungiyar a sama. A shari'ance ita ce mafi rashin nauyi, a idon marar lafiya kuma ita ce ta fi kama da hujja. Tambarin nan ne ya kai malamin makarantar ofishin reshen ƙungiyar na jiha.

Akwai ta shida, ba ta bango. Lasisin mataimakin ne daga hukumarsu ta terafis, wadda aka kafa da dokar soja ta 1993, kuma yana da rai. A cikin durowa aka same shi. Ita kaɗai ce takardar mutumin da hannunsa ya shiga bakin telan, kuma da an rataye ta da mai karanta Turanci ya gane ba likita ba ne. Ko da gangan aka ɓoye ta ko sakaci ne, kowa da abin da ya faɗa.

Abin da ƙungiya ke iyawa

Malamin ya zo da zafinsa, yana so a ƙwace lasisin "likitan", a rufe asibitin. Sakataren reshen ya zaunar da shi ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ko ɗaya daga cikin biyun nan ba ma iya yi." Wannan gaskiya ce da ba jama'a kaɗai ba, har wasu sababbin likitoci ba su cika rarrabewa ba. Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Najeriya, NDA, da rassanta na jihohi, ƙungiya ce ta masu sana'a, kamar yadda Ƙungiyar Likitoci ta Najeriya, NMA, take ga dukkan likitoci, har da na haƙori. Tana kare muradun 'ya'yanta, tana shirya tarukan ƙara wa juna sani, tana fita wayar da kai irin na ranar 20 ga Maris, ranar lafiyar baki ta duniya. Ba ta ba da lasisi, ba ta ƙwace shi. Abin da ke hannunta shi ne ta kira ɗanta ta tambaye shi, ta rubuta wa hukumomi, ta nuna wa mai ƙorafi ƙofar da zai buga.

Ƙofofin kuwa uku ne, kuma wannan na cikin abin da ke gajiyar da talaka. Ikon MDCN ya tsaya ne a kan wanda ke cikin rajistarta, wato likitan. Mataimakin sai hukumarsu. Alhaji da gininsa sai hukumar jiha, in abin ya kai ga laifi kuma sai 'yan sanda. Aiki ɗaya, dare ɗaya, kujera ɗaya, amma takardar koke uku.

Ta ɓangaren MDCN, koke yana fara zuwa gaban kwamitin bincike, kuma a rubuce ake kai shi tare da rantsuwar kotu. Kwamitin ya aika wa likita ya kare kansa. In ya ga akwai abin tuhuma sai ya miƙa wa kotun ladabtarwa ta likitoci, wadda ke iya yi wa mutum gargaɗi, ko ta dakatar da shi na tsawon da bai wuce wata 6 ba, ko ta sa a goge sunansa daga rajista. Wanda bai gamsu ba Kotun Ɗaukaka Ƙara zai nufa. Ƙa'idojin aikin likita da majalisar ta fitar sun ɗauki ba da suna ya zama inuwar wanda bai cancanta ba, yana aikin likita a ƙarƙashinsa, a matsayin saɓa wa amanar sana'a.

Wani dattijon likita a kwamitin ɗa'a na reshen ne ya kira matashin a waya. Matashin ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban ma san an yi ba. Na fi shekara ban taka wurin ba." Dattijon ya ce, "Ɗana, wannan maganar da kake ganin ita ce kariyarka, ita ce laifin. Kuɗin ƙarshen wata fa, yana shigowa?" Shiru ya biyo baya.

A zaman da reshen ya yi, ra'ayi ya rabu, kuma kowane ɓangare yana da abin faɗa. Wasu suka ce yaro ne, yanzu ya fara, kuma kowa a ɗakin ya san abokin karatunsa da ya taɓa barin takarda a wani wuri. In aka kai shi Abuja, ko an wanke shi daga baya, koken zai iya tsaya masa a gaba ranar da ya nemi takardar shaidar kyakkyawan aiki, wadda sai da ita ake samun rajista a Saudiyya ko Ingila. Wani kuma ya ɗauko maganar da ta fi wannan faɗi. Ya ce Kano ƙananan hukumomi 44 ce, likitocin haƙori kuma galibinsu suna cikin birni, wasu ma suna haɗa kaya su bar ƙasar, har ta kai a 2023 an kawo ƙudiri a Majalisar Wakilai na a tilasta wa sabon likita aikin shekara 5 a gida kafin a ba shi cikakken lasisi. A asibitocin karkara da yawa mataimaki ne kaɗai ke sashen haƙori. In aka ce kada ya taɓa komai sai wanki, mutumin Doguwa ko Tudun Wada ina zai nufa da kumburarren kunci?

Tambaya ce ta gaske, amma ba ta wannan lamari ba ce. Asibitin nan a tsakiyar birni yake, tafiyar 'yan mintuna ce a adaidaita sahu zuwa inda ƙwararrun tiyatar baki suke. Jami'ar Bayero tana da tsangayar koyar da aikin haƙori, ɗalibanta suna horo a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma matasan da suka gama suna nan suna neman aiki. Ba rashin likita ne ya bar kujerar a hannun mataimaki ba. Rabin albashi ya fi cikakken albashi sauƙi ga Alhaji, shi ke nan. A ganina kuma, cikin mutum ukun, likitan ne ya fi sanin abin da yake yi. Alhaji ɗan kasuwa ne, zai iya cewa ya ɗauka takarda ta isa. Mataimakin ya wuce gona da iri, amma shi ne mai ƙaramin albashi da ƙaramar murya, kuma in ya mayar da mai ciwo da dare, da safe zai amsa tambayar Alhaji. Likitan shi ne ya yi rantsuwa, shi ne ya san abin da turmin ƙarshe ke iya jawowa, kuma kowane wata wayarsa tana tuna masa cewa sunansa yana aiki a inda ba ya nan.

Kafin reshen ya gama shawara, unguwa ta riga ta gama tata. Mai unguwa da liman suka shiga tsakani. Alhaji ya biya kuɗin asibiti gaba ɗaya, ya ƙara da wani abu saboda ɗinkin sallar da aka rasa, ya je dubiya da kansa. Telan ya ce ƙaddara ce, ya yafe. Ƙanen bai so ba, amma yayansa ya ce masa, "Malam, tunda Allah ya tashi kafaɗuna, bar maganar." Ba a yi rantsuwar kotu ba, don haka koke bai je Abuja daga hannun iyalin ba.

Ba zan kushe sulhun ba. Ya ba mutumin abin da shari'a za ta ɗauki shekaru ba ta ba shi ba, kuma kotun ladabtarwa ba ta biyan diyya ko ta samu likita da laifi. Sai dai sulhu yana duba waɗanda ke zaune a zauren ne kawai. Wanda zai zo gobe da dare da nasa haƙorin ba shi da wakili a wurin, kuma a nan ne ƙungiya take da aiki ko mai ƙorafi ya janye.

Reshen ya rubuta wa hukumar jiha cewa likitan da sunansa ke kan izinin wurin ba ya nan, ya kuma sanar da hukumar terafis abin da ya faru. Aka rufe asibitin sai an kawo likita. Matashin ya rubuta takardar janye sunansa, ya aika wa hukumar da kwafi ga reshen, aka kira shi gaban kwamitin ɗa'a aka yi masa faɗa a rubuce. Wasu sun ga ya tsira da sauƙi. Ina cikinsu.

Alhaji bai ɗauki lokaci ba ya dawo da mafita: ɗan yayarsa ya karanta haƙori a Sudan, yana gida ba ya komai. Kano ta tura ɗalibai da yawa Sudan da Masar da wasu ƙasashe, wasu da kuɗin gwamnati wasu da na iyaye, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya dawo da da yawa gida, karatun wasu bai kammala ba. Shi wannan ya gama, digirinsa na gaske ne. Amma wanda ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN kafin ma a ba shi rajistar wucin gadi, sannan ya yi wata 12 ɗinsa a ƙarƙashin manya, sannan cikakkiyar rajista. Majalisar ba ta wasa da wannan. A 2022, da yaƙi ya mayar da karatun likita a Yukiren ta intanet, ta sanar cewa ba za ta karɓi takardun da makarantun can suka bayar daga wannan shekara ba sai karatu ya koma yadda yake. Aka gaya wa Alhaji yaron bai kai matsayin da zai duba marar lafiya shi kaɗai ba, balle ya riƙe asibiti. Alhaji ya ce shi dai bai ga bambanci ba, likita ai likita ne. Yaron da kansa ya fi shi fahimta, ya tambayi yadda ake rajistar jarrabawar.

Daga wannan lamari reshen ya aika wa 'ya'yansa sanarwa. Duk wanda zai bar asibitin da sunansa ke kan izininsa, ya rubuta wa hukumar jiha tun kafin ya tafi, ya cire takardunsa daga bango da hannunsa, kwafi ma kada ya bari. Lasisin da za a rataye ya zama na shekarar da ake ciki. Kowane ma'aikaci ya sa bajo mai sunansa da matsayinsa, a rubuta da Hausa ma, tunda yawancin masu zuwa ba Turanci suke karantawa ba. Shaidar halartar taro kuma daga yanzu za a riƙa buga mata layi a ƙasa cewa ba lasisin aiki ba ce. Sanarwa ce, ba doka ba, wanda ya ƙi bi sai dai a yi masa magana.

Asibitin ya sake buɗewa da wata likita mai cikakkiyar rajista, wadda take zama daga safe zuwa la'asar. Kafin ta karɓi aikin ta sa aka rubuta a yarjejeniya cewa bayan tashinta wanki kawai za a yi, mai ciwo a ba shi lokacin gobe, mai kumburi ko wanda bakinsa ba ya buɗewa a tura shi babban asibiti a take, a kuma kira ta. Mataimakin yana nan, lasisinsa ya hau bango. Alhaji yana ƙorafin cewa yawancin masu zuwa bayan isha'i suke zuwa, 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da ba sa samun rana, kuma yanzu juya su ake yi. Likitar ta ce masa ya ɗauki likita na biyu na dare. Ya yarda, amma kuɗin da ya sa a kan aikin har yanzu babu wanda ya karɓa.